Ɗaya Daga Cikin 71

A wani ƙauye na ƙasar Arewa, cikin jihar Doso, tafiyar sa'a guda a kan babur daga Dogon Dutse, akwai wani gida mai ɗaki huɗu da zaure. Ɗaki uku rufin kara gare su, ɗaya kuwa, na wajen gabas, rufinsa na kwano ne. Duk wanda ya shigo garin ta hanyar kasuwa, wannan kwano yake fara hangowa yana walƙiya cikin rana. Wanda ya sayi kwanon bai taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba, gama ɗakin iyayensa ya rufe da shi. Yana ɗaya daga cikin sojojin Nijar 71 da aka kashe a barikin Inates ranar Talata, 10 ga Disamba, 2019. Shekararsa 23.

Ba za a ambaci sunansa a nan ba, saboda iyalinsa suna nan da ransu. Za a kira shi Ɗan Fari, domin shi ne na fari a ɗakin uwarsa.

An haife shi da damina, a shekarar 1996. Bisa ga al'ada, uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kuma nuna ta damu da shi. Ko da yake mutanen gidan masu bi ne tun zamanin kakansa, wannan kunya ba ta bar su ba. Da aka yaye shi sai kakarsa ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta. In Inna tana so a kira mata shi, sai ta ce da wani yaro, "Je ka kira mini yaron Tsohuwa." In ya yi rashin lafiya, takan dama kunu ta aika da shi, ta tsaya bayan danga tana sauraron tarinsa. Haka ya tashi, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai kuwa ɗauki wannan abin mamaki ba, gama haka yake a kowane gida.

Yana da shekara 9 aka yi yunwar 2005, bayan fari da fara sun lalata amfanin gona na shekarar da ta gabata. Rumbun gidan ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Baba ya ƙetara Nijeriya neman abin da za a ci, mata kuwa suka shiga daji tsinkar anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A wannan damina ƙanwarsa mai bi masa ta rasu. Yaron bai manta ba. Har ya girma, in ya ga an zubar da ragowar tuwo sai ransa ya ɓaci.

Ya yi lakwal ta ƙauyensu shekara 6, ya wuce koleji a Dogon Dutse, inda ya zauna a gidan wani ɗan ikilisiya. Ba shi da ƙarfi a lissafi, amma muryarsa tana da daɗi, shi ne kuma mai buga ganga a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi. Sau biyu ya zauna jarrabawar birbe, sau biyu ya faɗi. Daga nan ya yi ƙodago a lambunan dankalin turawa na gefen gari, yana ban ruwa tun asuba. Sa'an nan ya bi samarin garinsu zuwa Legas, ya yi wata 8 yana tura kurar ruwa. Amma a shekarar 2016 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Da ya dawo ya canja abin da ya tara zuwa sefa, bai fi kuɗin buhun hatsi biyu da rigar Kirsimeti ta ƙannensa ba.

Da aka yi shelar ɗaukar sabbin sojoji a shekarar 2017, sai ya kai takardunsa bai gaya wa kowa ba. Sai da sunansa ya fito ya je ya durƙusa a gaban mahaifinsa a zaure.

Baba ya yi shiru, ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "Kai, ka manta da abin da ya faru shekara biyu da suka wuce? Wa za ka je ka mutu dominsa?" Yana nufin ranakun 16 da 17 ga Janairu, 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu.

Yaron ya ce, "Baba, ban manta ba. Amma ban manta kuma ba da waɗanda suka kwana a ƙofar majami'armu a daren nan riƙe da sanduna. Ai maƙwabtanmu ne, Musulmi. Ƙasar nan a cikinta aka binne cibiyata. Ga shi kuma gonarmu ta fadama tana jingina, ƙannena huɗu suna lakwal."

Maganar ta kai gaban dattawan ikilisiya, gama waɗansu suna ganin bai kamata mai bi ya ɗauki bindiga ba. Wani dattijo ya tuna musu cewa sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai umarce su su tuɓe kayan soja ba, sai dai ya gargaɗe su a kan ƙwace da ƙage, ya ce su dangana da albashinsu. Ya kuma tuna musu da Karniliyas, jarumin Roma, wanda gidansa ya karɓi bishara ta bakin Bitrus. Dattawa suka sa wa yaron hannu, suka yi masa addu'a. Baba bai hana ba, amma da suka fito sai ya ce masa a gaban jama'a, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Inna ba ta ce kome ba. A daren da zai tafi ta kwana tana suyar ƙuli-ƙuli. Da asuba ta ƙulle shi a tsumma tare da garin yaji, ta ba ƙaninsa ta ce, "Kai wa yaron Tsohuwa." Sa'ad da babur ya tashi, tana bakin rijiya, ta ba hanya baya.

An yi masa horo a Tondibiya, kusa da Yamai. Tun daga albashinsa na fari, ba a taɓa yin wata bai aiko da jika 15 ko 20 ba. Aka biya wa ƙannensa littattafai. A bazarar 2018 ya zo hutu da kaki, ya sayi kwano da katako, ya tsaya a kan magina har aka rufe ɗakin iyayensa. Baba ya karɓi gaisuwar mutane masu zuwa ganin rufi, ya ji daɗi, amma bai janye maganar da ya yi ba, yaron kuma bai tuna masa ba. Bayan Ista ta 2019 aka ɗaura masa aure da wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa. Kwana 12 ya yi da amaryarsa ya koma.

An tura ƙungiyarsu Inates, a jihar Tilaberi, dab da iyakar Mali. Wuri ne da kowa ya san hatsarinsa, gama ranar 1 ga Yuli, 2019, an kai wa barikin hari, aka kashe soja 18. In ya sami layi ya kira gida, ba ya zancen wannan. Sai ya tambayi yadda hatsi ya yi, da ko akuya ta haihu. Ya zo hutunsa na ƙarshe da kaka, ya taya su ɗaurin damma, ya buga ganga ran Lahadi. A ƙarshen Nuwamba matarsa ta gaya masa ta waya cewa tana da ciki. Ta ce ya yi ta dariya har layin ya yanke.

Ranar 10 ga Disamba ɗaruruwan mahara suka auka wa barikin a kan babura da motoci. Aka yi sa'o'i ana faɗa. Washegari gwamnati ta ba da sanarwa cewa soja 71 sun mutu, 12 sun ji rauni, waɗansu kuma ba a san inda suke ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo. Aka ba da kwana 3 na makoki a ƙasa duka. Ƙungiyar IS ta ce ita ta kai harin.

A ƙauye kuwa, rediyo ne kaɗai. Baba ya zauna a zaure da rediyo a kunne, yana juyawa daga wannan tasha zuwa waccan, amma kowace tasha lamba take faɗa, ba suna. Ƙanin yaron ya hau tudun bayan gari inda ake samun layi, ya yi ta kira har cajin wayar ya ƙare. Ran Jumma'a, 13 ga wata, da la'asar, sai ga mai gari da fasto suna tafe tare, ba mai yi wa wani magana. Baba ya hango su daga nesa, ya kashe rediyo, ya cire hularsa. A wannan rana ce aka binne su a barikin sojan sama na Yamai, lulluɓe da tutar ƙasa, wajen kilomita 270 daga Dogon Dutse. Daga gidan ba wanda ya ga gawarsa, ba wanda ya zuba ƙasa a kabarinsa.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu bi suka zo daga ƙauyuka na kewaye, liman ya zo da jama'arsa, aka zauna tare. Mata suka kewaye amaryar, wadda take kuka har muryarta ta dushe. Inna kuwa tana wurin murhu, tana tuƙa wa baƙi tuwo, idonta a bushe. Mutane suka yi ta yabonta, suna cewa, "Kai, matar nan akwai haƙuri!" Ba wanda ya lura cewa tun ran Laraba ba ta sa loma a bakinta ba, sai wata tsohuwa ta zumuntar mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba shi ma yana da nasa. Tun daga ranar nan bai ƙara shiga ɗakin kwano ba. Ya kai tabarmarsa zaure, ya yi ta kwana can cikin sanyin hunturu. Da fasto ya matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Malam, na yi wa yaron nan baki, na kuma ci kuɗinsa. Jininsa ne a bisa kaina. Da wane ido zan kwanta in dubi rufin nan?" Fasto ya ce masa karin magana ba ya kashe mutum, waɗanda suka kashe yaron su ne suka ɗauki makami. Baba ya ji, amma bai koma ɗaki ba.

Kirsimeti ta zo bayan kwana 12 da jin labarin. Ganga tana rataye a bango, ba wanda ya taɓa ta. A Lahadin da ta biyo, fasto ya karanta labarin sarki Dawuda, yadda ya haura ɗakin da yake bisa ƙofar birni yana kuka saboda Absalom, yana ta kiran sunan ɗansa a kunnen dukan jama'a. Ya kuma tuna musu cewa Ubangiji Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, sa'an nan ya kira shi da sunansa. Ya ce haƙuri abu ne mai kyau, amma kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Inna tana zaune a bencin baya, ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Ranar 9 ga Janairu, 2020, aka kai wani hari a Cinagodar, cikin wannan jiha ta Tilaberi, aka kashe soja 89. Da labarin ya iso, Inna tana sussuka. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Uwaye 89." A taron zumuntar mata na mako ɗin, ita da ba ta saba yin addu'a da ƙarfi ba, ta miƙe ta roƙi Allah saboda waɗannan mata da ba ta san su ba, na Damagaram, da na Tawa, da na Agadas, Musulmi da Kirista. A tsakiyar addu'ar muryarta ta karye. Ranar ce aka fara ganin hawayenta.

Kwana 3 na makoki sun daɗe da wucewa, an sake ɗaga tuta sama, amma a gidan sai lokacin wahala ta soma. Kuɗin wata ya tsaya. Neman takardun haƙƙin mamaci ya ci tafiya birni sau da yawa, kowace tafiya kuma da kuɗin mota. Da kuɗin suka fito, sai gardama ta tashi. Ƙanin Baba ya ce shi ya biya wa yaron kuɗin zuwa Legas, dole a ba shi kasonsa. Iyayen amarya suka ce 'yarsu ta dawo gida da nata. Har an fara daina gaisawa. Dattawan ikilisiya tare da mai gari suka zauna sau uku a kan maganar. A ƙarshe aka shirya haka: aka fanshi gonar fadama a rubuce da sunan abin da yake cikin ciki, aka saya wa gwauruwar tumaki huɗu su zama nata, aka biya ƙanin Baba bashinsa daidai, ba ƙari. Inna ta ce da surukarta, "'Yata, ki zauna ki haihu a nan. In kin yaye, Allah ya kawo miki wani, ni zan yi miki gara."

Da aka yi ruwan shuka, sai ga wani baƙo ya sauka daga babur yana ɗingishi. Saurayi ne daga Damagaram, Musulmi, yana cikin waɗanda suka ji rauni a Inates. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, ni abokin ɗanku ne. Tanti ɗaya muke kwana." Ya fito da ƙaramin Sabon Alkawari na Hausa wanda bangonsa ya yage. Ya ce tun kafin harin yaron ya sa shi cikin jakarsa, domin tasa jakar ta huje.

Baba ya tambaye shi, "Ɗana, ya sha wahala?"

Ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban ga lokacin da ya faɗi ba. Abin da na sani shi zan faɗa. Da azumin bara, cikin zafin nan, shi yake karɓar mini gadin tsakar rana, ni kuma in karɓar masa na safiyar Lahadi don ya yi karatunsa. Kullum zancensa gida. Ya ce ranar da aka gama rufin nan ya gan ka ka fito da dare kana dubansa kana murmushi, kai ba ka san yana ganinka ba. Ya ce daga ranar ya san ka yafe masa."

Baba ya sunkuyar da kai. Saurayin ya juya wajen danga, inda ya san Inna tana tsaye, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Inna, ya ce ba ki taɓa kiran sunansa ba, amma duk barikin ba wanda ake aika wa ƙuli-ƙuli kamarsa. Mu duka mun ci." Ba a ji amsa daga bayan danga ba. Da zai tafi sai aka miƙo masa ƙulli a tsumma.

A watan Yuli matar ta haifi ɗa namiji. Ranar suna aka sa masa sunan mahaifinsa. Mata suka fara shawarar laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, don kada sunan ya yi wa kakarsa nauyi. Waɗansu suka ce Audi, kamar yadda akan kira wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa. Inna ta karɓi jaririn, ta dube shi, ta ce, "Ku bar masa sunansa." Sa'an nan ta faɗi sunan, a fili, a gaban kowa. Tsakar gidan ta yi tsit.

Daminar 2020 ta zo da ruwa mai yawa, gidaje suka rurrushe a wurare da dama na ƙasar. Wata rana da dare bangon zauren ya jiƙe ya tsage, ɗakunan kara kuma suka yi ta zuba. Kowa ya gudu ɗakin kwano, sai Baba, yana tsaye cikin ruwa riƙe da tabarmarsa. Inna ta leƙo ta ce, "Maigida, yaron nan don kai ya yi rufin nan. Za ka bar wahalarsa ta tafi a banza?" Ya shiga. Suka kwana su tara a ɗaki ɗaya, ruwa yana dukan kwano, jariri yana barci a tsakiyarsu. Tun daga daren nan bai koma zaure ba.

A shekarar 2023 gwauruwar ta sake aure a wani ƙauye na kusa, Inna kuma ta cika alkawarinta. Yaron yana kai da kawowa tsakanin gidajen biyu. Ƙanin Ɗan Fari ne ya sauko da gangar daga bango. Har wa yau Baba bai ga kabarin ɗansa ba. In an yi masa zancen, yakan ce Makiyayi mai kyau ya san tumakinsa ɗaya ɗaya da sunayensu, ya kuma san inda kowace take kwance.

Ya mai karatu, in ka ji a rediyo an ce soja kaza sun mutu, ka tuna kowane ɗaya yana da ƙauye, da uwa, da gonar da yake so ya fansa. Wataƙila a garinku ma akwai irin wannan gida. Zuwa gaisuwa a makon fari kowa yana yi. Abin da ya riƙe mutanen gidan nan shi ne matan da suka ci gaba da zuwa taya Inna daka har bayan wata shida, da dattawan da suka zauna sau uku a kan gardamar kuɗi, da saurayin da ya yi doguwar tafiya a kan ƙafa mai ciwo don ya kawo magana biyu. Manzo Yakubu ya lasafta kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu a kan ainihin ibada. Zumunta kuwa a ƙafa take. In kuma kana da ɗa a nesa wanda ka yi wa magana mai zafi, kada ka jira hutunsa na gaba.

Wanda ya bi ta ƙofar gidan nan da hantsi zai ji muryar wata tsohuwa tana kiran wani ɗan yaro, ya zo ya sha fura, ya bar bin 'yan akuya, ya sa takalminsa. Kafin rana ta take, ta kira sunan ya fi sau goma.

Allah ya ta'azantar da dukan masu makoki, ya ba ƙasashenmu salama. Amin.